Tallafin Kuɗi don Agajin Gaggawa na Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Amurka

Agajin gaggawa na lafiyar ƙwaƙwalwa shi ne ɗaukin da ake kai wa wanda ya fita hayyacinsa farat ɗaya, ko yake shirin kashe kansa, ko kayan maye suka birkita shi. A Amurka aikin ya tsaya kan abu uku: lambar wayar da za a kira, ma'aikatan da za su je inda mutum yake, da wurin da za a kai shi ya natsu ba tare da an kulle shi ba. Kuɗin yana fitowa daga gwamnatin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi da gidauniyoyi, kuma mafi yawansa tallafi ne mai wa'adi.

Tarihi

A 1955 asibitocin masu taɓin hankali na jihohi suna ɗauke da mutum fiye da 550,000. A Oktoban 1963 Shugaba Kennedy ya sa hannu kan dokar gina cibiyoyin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin unguwanni, domin a riƙa jinyar mutane kusa da danginsu. Asibitoci suka yi ta sallamar marasa lafiya, amma cibiyoyin da aka gina ba su kai yawan da aka tsara ba. A 1981, zamanin Shugaba Reagan, aka dunƙule kuɗin wuri guda aka miƙa wa jihohi, kowace ta kashe yadda ta ga dama, kuma kason tarayya ya ragu. Giɓin da aka bari, 'yan sanda da ɗakunan gaggawa na asibiti da gidajen yari ne suka cike shi.

Birane biyu suna cikin waɗanda suka fara neman mafita. A Memphis, bayan 'yan sanda sun harbe wani matashi mai taɓin hankali a 1987, sai a 1988 aka fara ba wasu jami'ai horon awa 40 kan yadda ake lallashin wanda ya birkice. A Eugene ta jihar Oregon kuwa, asibitin White Bird ya kafa shirin CAHOOTS a 1989, wato motar agaji da ke zuwa inda wanda ya birkice yake a maimakon 'yan sanda. Mutum biyu ne a motar, ma'aikacin jinya da gwanin kwantar da hankali, ba bindiga ba ankwa. Sukan ɗauki ruwan sha da bargo, su zauna da mutum a bakin titi har ya dawo daidai, sannan su kai shi matsuguni ko asibiti in akwai buƙata. A 2019 shirin ya ce ya amsa kira kusan 24,000, da kasafin da bai wuce kimanin dala miliyan 2 ba a shekara. Bayan wani ɗan sanda ya kashe George Floyd, wani baƙar fata, a 2020, birane da yawa sun kwaikwayi shirin, ciki har da Denver. Duk da wannan suna, a Afrilun 2025 CAHOOTS ya dakatar da aiki a Eugene saboda rashin kuɗi.

Hanyoyin tallafi

SAMHSA, hukumar tarayya mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye, ita ce ta buɗe layin hana kashe kai na ƙasa a 2005, da lamba mai tsawo. Dokar da aka sa wa hannu a Oktoban 2020 ta tanadi gajeruwar lamba 988, wadda ta fara aiki ranar 16 ga Yuli, 2022, tana haɗa cibiyoyin amsa kira fiye da 200. Dokar ta ba jihohi damar ɗora ɗan haraji kan kuɗin waya don ɗaukar nauyin layin. Jihar Washington tana karɓar santi 40 a wata kan kowane layi tun daga 2023, amma jihohin da suka bi wannan hanya ba su da yawa.

Dokar farfaɗo da tattalin arziki ta Maris 2021 ta sa gwamnatin tarayya ta biya kashi 85 cikin 100 na kuɗin motocin agaji ta Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati don masu ƙaramin ƙarfi, na tsawon shekara uku, tare da dala miliyan 15 da aka raba wa jihohi 20 don tsara aikin. Oregon ce ta fara samun amincewa, a 2022. In shekara ukun suka cika, jiha takan koma kan kasonta na da.

Birni da karkara

A birni matsalar ita ce yawan kira da ƙarancin gadaje. A karkara kuwa nisa ne. Yawan kashe kai ya fi tsanani a jihohi irin su Montana da Wyoming da Alaska, inda motar agaji kan yi tafiyar awoyi, wasu gundumomi kuma ba su da likitan ƙwaƙwalwa ko ɗaya. Inshora kan biya ne bisa aikin da aka yi, alhali ma'aikatan da ke jiran kira dare da rana dole a biya su ko an kira ko ba a kira ba. Ga shi ƙananan gundumomi ba su da gwanayen rubuta takardar neman tallafi, sai manyan birane su riga su. A Dakota ta Kudu, da taimakon gidauniyar Helmsley, tun wajen 2020 aka raba wa jami'an tsaro ƙananan kwamfutocin hannu, su haɗa wanda ya birkice da ƙwararre ta bidiyo nan take.

Saɓani

Ana jayayya kan ko a ɗebi kuɗin daga kasafin 'yan sanda, da kuma kan alƙaluman da ke nuna yawan aikin da motocin agaji suka rage musu. A Yulin 2025 gwamnatin tarayya ta rufe sashen 988 na musamman ga matasa 'yan LGBTQ, wato masu sha'awar jinsinsu da masu sauya jinsi da makamantansu. Ta ce babban layin zai kula da kowa, masu suka kuma suka ce an cire ƙwararrun da suka san halin waɗannan matasa.