Kafin Ka Ɗauki Injiniya Ya Ƙera Maka Matatar Sauti: Tambayoyi da Amsoshi

Duk mai haɗa na'ura ko manhajar da ke hulɗa da sauti, ko ba daɗe ko ba jima sai ya buƙaci matata. Wani ya zauna ya koyi lissafin da kansa, wani ya nemo mai yi ya biya. Waɗannan tambayoyi na mai shirin biya ne.

Wai mece ce matatar, kuma me take tacewa?

Sauti girgizar iska ce, ana kuma ƙirga yawan girgizar a sakan guda da ma'aunin hats, wanda ake rubutawa Hz. Girgiza kaɗan ita ke ba da amo mai kauri irin na tsawa, mai yawa kuma ta ba da siririn amo irin na fito. Lafiyayyen kunnen matashi yana ji daga wajen 20 Hz zuwa 20,000 Hz. Matatar da muke magana a kai, wadda masu sana'ar ke kira lofas filta, tana barin kaurin ya wuce, ta danne siririn da ya haura iyakar da aka sa mata.

A cikin kwamfuta sauti jerin lambobi ne kawai. Kowace lamba a jerin ita ake kira samfur. Faifan CD yana ajiye samfur 44,100 a kowane sakan, aikin bidiyo kuma galibi 48,000. Don haka matatar dijital ba ƙarfe ba ce ba waya ba: ninkawa ce da tarawa. Ko ka ɗauki kowace lamba ka haɗa da ta bayanta ka raba biyu, ka yi matata, sai dai mai rauni ce.

Ana sa ta don a tura wa babbar lasifika kaurin da bai wuce 80 Hz ba, ko a rage huci a rikodin. Amma inda ta zama dole shi ne wajen rage yawan samfur. Ƙa'idar da ake jingina wa Harry Nyquist da Claude Shannon ta ce lambobin ba sa iya riƙe amon da ya kai rabin yawan samfur. Ka sauko daga 48,000 zuwa 16,000 ba ka tace ba, amon 10,000 Hz ba ɓacewa zai yi ba. Zai rikiɗa ya dawo a matsayin 6,000 Hz, ya zauna tsakiyar sautinka, kuma babu mai iya cire shi bayan nan.

Na ga irinta kyauta a intanet. Me zai sa in biya wani?

Sau da yawa ma bai kamata ka biya ba. In fayil ne gare ka kana son gyarawa, manhajojin sauti irin su Audacity da FFmpeg da SoX duk suna da matatar a shirye. In lambobin matata kake so, wato waɗanda ake ninka samfuran da su, manhajojin lissafi irin su SciPy ko GNU Octave za su fitar maka da su da layi ɗaya ko biyu. Lissafin tsoho ne: Stephen Butterworth ya wallafa nasa tsarin tun 1930, hanyar Parks da McClellan kuwa ta fito a 1972. Wanda ya ce zai caje ka don ya ƙirƙiro maka sabuwar dabara, ka sake kallonsa.

Biya yana da ma'ana ne idan matatar za ta zauna cikin ƙaramin firosesa mai cin batir, ko za ta yi aiki nan take yayin da mutum ke magana ko kiɗa, ko za a riƙa murɗa iyakarta sauti na tafiya, ko kuma na'urar za a buga ta dubbai ta yadda kuskure ɗaya zai bi kowace guda. A nan ba lissafin kake saye ba. Kana sayen wanda ya san inda lissafin ke tuntuɓe idan ya sauka a kan na'ura ta gaske.

Me zan rubuta masa kafin ya fara?

Nan ne rabin aikin yake, kuma nan ake yawan ɓata shi. Mutum ya aika da saƙo: "Ina son matata da za ta yanke komai sama da 3,000 Hz." Wannan jimla ba ta aikatuwa. Babu matatar da ke yanka kamar wuƙa. Kowace tana da gangara, wato tazara tsakanin inda take barin sauti da inda ta gama danne shi. Kai ne za ka faɗi faɗin gangarar: a bar komai har 3,000, a danne daga 4,000 zuwa sama, misali.

Sai kuma zurfin dannewa, da ma'aunin desibel. Kowane 20 dB ragi ne sau goma a girman igiyar, don haka 60 dB sau dubu ne, 80 dB sau dubu goma. Sauti mai bit 16, wato wanda ake ajiye kowane samfurinsa a gurbi 16 na sifili ko ɗaya, gaba ɗayansa bai wuce kusan 96 dB ba, saboda haka neman 140 dB a kansa ɓarnar kuɗi ce da wuta.

Ka kula da kalmar "iyaka" kanta, don tana raba ciniki. A matatar Butterworth, iyakar ita ce inda sauti ya riga ya sauka da 3 dB, wato rabin ƙarfinsa ya tafi. In kai kana nufin har 3,000 kada a taɓa komai, shi kuma yana nufin wancan, ku biyun kuna da gaskiya, kuma ku biyun za ku yi fushi.

Ga abin da zai sa ka daina neman gangara mai tsini ba dalili. Akwai ƙiyasin da injiniyoyi ke yi a bayan takarda: a ninka desibel da yawan samfur, a raba da faɗin gangara sau 22. A kan samfur 48,000, dannewar 80 dB da gangarar 1,000 Hz na buƙatar lambobin matata wajen 175, wato ninkawa miliyan 8.4 a sakan. Ka matse gangarar ta koma 100 Hz, lambobin sun zama wajen 1,750, aikin ya ninka sau goma, jinkirin ma ya tashi daga ƙasa da milisakan 2 zuwa wajen 18. Mai sauraron rikodin ba zai san an yi ba. Mai waƙa da ke jin muryarsa a kunne yayin da yake rerawa kuwa, zai sani tun a baitin farko.

Don haka ka rubuta jinkirin da za ka iya jurewa, da yawan samfur, da yawan layukan sauti, da sunan firosesan daidai, da abin da ya rage masa na ƙarfi da ma'ajiya bayan sauran ayyukansa. In ba ka san waɗannan ba, babu kunya: ka biya shi sa'o'i kaɗan ku zauna ku fitar da takardar tukuna. Kuɗin da ya fi kowane amfani a aikin ke nan.

Ya tambaye ni FIR nake so ko IIR. Me zan ce?

Ka ce ya ba ka shawara da dalili, don zaɓin nasa ne. Amma ka san abin da ake magana: manyan nau'o'in matatar dijital biyu ne. FIR tana duban samfuran da suka shigo ne kawai. Ba ta haukacewa, kuma ana iya tsara ta yadda kowane amo zai makara daidai da ɗan'uwansa, siffar igiyar ta fita ba a murɗe ba. Farashinta yawan lissafi da jinkiri. IIR tana mayar da abin da ta fitar cikin lissafin, shi ya sa take da arha ƙwarai: tubalinta da ake kira baikwad ninkawa biyar kawai yake ci a kowane samfur, yana kuma ba da gangarar 12 dB duk lokacin da girgiza ta ninka biyu. Jera biyu, ka sami 24. Sai dai tana jinkirta wasu amo fiye da wasu, musamman kusa da iyaka, kuma in aka yi sakaci tana iya ƙwacewa.

A cikin IIR ɗin ma akwai dangi. Butterworth shimfiɗaɗɗiya ce amma gangararta a hankali. Chebyshev ta fi tsini, ta biya da ɗan hawa da sauka. Ta Cauer ta fi su duka tsini. Bessel ta fi kiyaye siffar igiya. A ganina, wanda ya ambaci sunan ɗaya kafin ya tambaye ka me za a yi da sautin, haddace ya yi.

Ya nuna mini tana aiki a kwamfutarsa. Me zai hana ta aiki a na'urata?

Kwamfutarsa tana lissafi da lambobi masu bit 64, masu riƙe gurbi goma sha biyar ko fiye. Ƙaramin firosesanka wataƙila bit 16 gare shi, ba kuma ya da sashen lissafin ɗigo mai yawo, wanda ke riƙe ƙananan lambobi da manya ba tare da matsi ba. Firosesan Cortex-M0, misali, ba shi da shi, alhali nau'in Cortex-M4F yana da shi.

Ɗauki waccan matatar ta 80 Hz a kan samfur 48,000, baikwad ɗaya. Ɗaya daga lambobinta wajen 0.000027 ne. Mafi ƙanƙantar takin da bit 16 ke iya riƙewa a tsarin da aka saba shi ne ɗaya bisa 32,768, wajen 0.00003. Ka ga lambar ba ta ma kai taki guda ba. A zagaye ta sama, matatar ta canza hali. A zagaye ta ƙasa, ta zama sifili, ka jona lasifika ka ji tsit. Zanen da ya turo maka yana nan da kyansa a allo, na'urar kuma tana kan tebur ba ta cewa uffan.

Akwai wasu cututtukan. Sauti ya ƙare amma matatar ta ci gaba da wani siririn kuka saboda kurakuran zagaye lamba suna ta kewaya a cikinta. Ko sauti mai ƙarfi ya cika ma'ajiyar lamba ta kife, a ji wata ƙara kamar an yage kyalle. Ko a murɗa iyaka a ji ƙas. Duk suna da magani sananne: a faɗaɗa lissafin zuwa bit 32, a datsa babbar matata zuwa baikwad-baikwad, a bar wa sauti sarari a sama, a sauya lambobi sannu a hankali. Ainihin abin da kake biya ke nan, don haka yarjejeniya ta ce aikin bai kammala ba sai ya yi tafiya a kan na'urarka.

Ta yaya zan gane wanda ya iya?

Daga tambayoyinsa. Gwani zai dame ka da tambaya kafin ya faɗi farashi, wani lokaci ma ya ce maka abin da ka nema ya fi ƙarfin firosesan, ko bai da amfani. Ka tambaye shi wane aiki ya taɓa kaiwa har kan na'ura, da abin da ya ba shi wahala a ciki. Wanda ya taɓa yi, labarin yana bakinsa. Takardar shaida tana da kyau, amma ba ita ke kashe kukan matata ba.

Yaya za mu yi da biya, kuma aikin na wa ne bayan an gama?

In takardar buƙatu ta fito sarai, ku yanke farashi ɗaya ku raba shi mataki-mataki: kafin alƙalami, sai bayan zane da gwajin kwamfuta, sai cikon bayan gwaji a na'ura. In har yanzu lalube ake yi, biyan sa'a ya fi adalci, da iyakar da ba za a wuce ba sai da izininka.

Batun mallaka kada a bar shi a baki. A ƙasashe da yawa, ɗan kwangila mai zaman kansa shi ke riƙe da haƙƙin abin da ya rubuta sai in an mayar maka a rubuce. Ka kuma tambaye shi ko ya ɗebo kod daga wani wuri, da lasisin da ke kansa. Lasisin GPL, alal misali, yana wajabta buɗe kod ɗin manhajar da aka gina da shi idan aka rarraba ta, abin da mai sayar da na'ura zai so ya sani tun da wuri.

Sannan kada ka karɓi jerin lambobi tsurarsu. Ka karɓi ɗan shirin kwamfutar da ya haife su. Ran da ka koma samfur 44,100 daga 48,000, kowace iyaka za ta zame ƙasa da wajen kashi 8 cikin ɗari, matatar 3,000 ta koma kusan 2,756. Mai shirin a hannu zai canza lamba ɗaya ya sake bugawa. Marar shi sai ya koma neman injiniyan, in ya same shi.

Ni ba injiniya ba ne. Yaya zan tabbatar ya cika alkawari?

Ku amince da gwajin tun kafin a fara, a rubuta shi cikin yarjejeniya, in ba haka ba sayen kifi a ruwa ka yi. An ce gani ya kori ji, to a nan kowanne bai kori ɗan'uwansa ba. Kunne ba ya bambance dannewar 60 dB da ta 80 cikin sauƙi, zane kuma ba ya nuna maka ƙas ɗin da ke fita in an murɗa maɓalli.

Ka haɗa amon da ke hawa daga 20 Hz zuwa sama a Audacity, ka bi da shi ta na'urar, ka naɗi abin da ya fito, ka buɗe zanensa ka gwada da lambobin takardarku. Ka tura amo ɗaya a tsakiyar yankin wucewa, ɗaya a bakin iyaka, ɗaya a farkon yankin dannewa, ka karanta desibel ɗin kowanne. Ka tura ƙyas guda, samfur ɗaya tak, ka ƙirga tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya fito; jinkirinka ke nan. Ka cika sautin har maƙura ka ji ko zai yage. Daga ƙarshe ka yanke shi kwatsam, ka ƙure ƙarar abin sauraro, ka sa kunne cikin shirun na rabin minti. In akwai abin da ke motsi a ciki, cikon kuɗin ya dakata tukuna.