Firijin da ke jan mutum: abin da doka ta tanada kan yoyon wuta

Da zarar damina ta kankama a Kaduna, ƙorafin firiji mai ja sai ya yawaita. Yaro ya taɓa murfi da jiƙaƙƙen hannu, ya ji zir har kafaɗa, uwa ta ce, "Kai ma ka sa silifa mana." Silifa ba ta gyara komai ba. Robar da ke rufe waya a cikin firijin ce ta tsufa, ko ɓera ya ci, ko danshi ya shiga, wuta ta fara yoyo zuwa jikin ƙarfen tana neman hanyar ƙasa. In babu wayar da za ta kai ta ƙasa, mutum ne hanyar.

Hukumar NEMSA mai duba ingancin ayyukan lantarki a Najeriya, wadda aka kafa da dokar 2015 kuma Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ci gaba da riƙe ta, ita ke da alhakin duba aikin wayarin da gwada shi kafin a haɗa gini da wuta, ita ce kuma ke ba masu aikin wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Ƙa'idojin yadda za a yi aikin kuwa NERC, hukumar da ke tsara harkar lantarki, ce ta fitar da su a 2015. Ma'ana, mai gida yana da hurumin tambayar mai wayarin takardarsa, kuma ba rainin wayo ba ne.

Cikin abin da ake dubawa akwai wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya. Tana tashi daga dogon haƙorin sama na filogi, ta bi soket, ta ƙare a rodin da aka kafa cikin ƙasa. A gidajen haya da yawa za ka buɗe soket ka tarar da waya biyu kacal, ramin na uku fayau, don an yi tsimin kuɗin waya. Wani kuma da hannunsa yake karya haƙorin don filogi ya shiga soket mai rami biyu.

Inda aka fi ruɗewa shi ne batun fiyus da breka. Fiyus ɗin filogi amfa 13 yake jira kafin ya ƙone, alhali kashi ɗaya cikin goma na amfa ya isa ya rikita bugun zuciya a wutarmu mai bolt 230. Aikin fiyus kare waya daga gobara. Mai kare rai ita ce brekar da masu gyara ke kira RCD: tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, in ta ga giɓi ya kai miliamfa 30 (miliamfa dubu ne amfa ɗaya) sai ta katse kafin ƙiftawar ido. Tana da maɓallin gwaji a gabanta. A danna shi duk bayan 'yan watanni, in ba ta faɗi ba ta mutu. Idan kuwa tana yawan faɗuwa, a zare kaya ɗaya bayan ɗaya har a gano mai yoyon. Wasu masu gyara kan tsallake ta da guntuwar waya don "kada ta dami Alhaji", kuma a ganina wannan ya fi rashin ta muni, tunda mutanen gida na zaton tana aiki.

Kayan da kansu SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, ke kula da su: takardar SONCAP ga na shigowa, ta MANCAP ga na gida. Sai dai takardar ba ta san halin da firijin gwanjo ya shiga bayan shekara goma yana aiki ba. Kafin ka biya kuɗi a Panteka ko Kasuwar Barci, sa mai gyara ya auna abu biyu: ko haƙorin ƙasa yana haɗe da jikin ƙarfen, sannan ya sa mega, na'urar gwada rufin waya, mai bolt 500 ya gwada robar waya, wadda bai kamata ta gaza megom 1 ba a ma'aunin tare wuta. Caja ko fankar da ke da alamar murabba'i cikin murabba'i rufi biyu gare ta, ba ta buƙatar wayar ƙasa.