Sauya matsayi daga mai ziyara zuwa ɗalibi a Kanada: me ake nufi?

Dillalan biza sun daɗe suna faɗa wa matasa cewa su dai shiga Kanada da bizar ziyara, in sun isa sai a juya musu ita ta koma ta karatu. Wannan magana ta jefa mutane da yawa cikin asara. Babu takardar da ake juyawa. Abin da ake kira sauya matsayi sabuwar buƙata ce ta izinin karatu, wadda hukumar shige da fice ta ƙasar, IRCC, ke dubawa daga tushe.

Biza daban, matsayi daban. Biza ita ce tambarin da ke cikin fasfo, aikinta ta kai ka bakin iyaka, ko da kuwa ta shekaru ce. Matsayi kuwa shi ne izinin zaman da jami'in iyaka ya ba ka, yawanci wata 6 daga ranar shiga. Mai ziyara ba shi da damar yin aiki, kuma kwas ɗin da zai iya yi ba tare da izinin karatu ba shi ne wanda bai wuce wata 6 ba.

Yawancin masu ziyara ba su da hurumin neman izinin karatu a matsayin waɗanda ke cikin ƙasa. Doka ta keɓe 'yan rukunai kaɗan: yaran da ke firamare ko sakandare, ɗaliban musaya, iyalin wanda ke riƙe da izinin aiki ko na karatu, da wanda ya kammala gajeren kwas da makaranta ta gindaya a matsayin sharaɗin ba shi gurbi. Ta wannan ƙofa ta ƙarshe aka fi bi, galibi da kwas ɗin Turanci ko Faransanci. Sai dai dole sharaɗin ya fito ɓaro-ɓaro a takardar gurbin. Shiga ajin koyon harshe don raɗin kai ba ya wadatarwa.

Wanda bai faɗa cikin rukunan nan ba yana iya cike fom ta intanet yana zaune a Kanada, amma za a ɗauke shi tamkar mai nema daga waje. Nan ne aka fi yin tuntuɓe. Irin wannan buƙata ba ta tsayar da wa'adin ziyara. Kwanaki na ci gaba da tafiya kana jiran amsa. Don haka sai an nemi ƙarin wa'adin zama daban, kuɗinsa dalar Kanada 100, kuma hukumar na ba da shawarar a nema aƙalla kwana 30 kafin wa'adin ya cika. In ya ƙare ba a nema ba, akwai kwana 90 na neman maido da matsayi, da ƙarin kuɗi, kuma babu tabbacin za a amince.

Ko an amince da buƙatar ma, ba izinin ne zai zo maka ba, wasiƙar gabatarwa ce da ake nunawa a mashigar ƙasa. A da, mutane kan tsallaka iyakar Amurka su juyo nan take su karɓi izinin. An rufe wannan hanya a ƙarshen Disambar 2024 ga yawancin masu nema, don haka a sa kuɗin jirgin fita da dawowa cikin lissafi tun farko.

Takardun kuwa ba a rage ko ɗaya don mutum yana cikin ƙasar. Ana buƙatar gurbi daga makarantar da ke cikin jerin waɗanda aka amince su ɗauki ɗaliban waje, da takardar shaidar lardi, PAL a taƙaice, wadda aka wajabta wa yawancin masu nema tun 22 ga Janairun 2024. Lardin Kebek na da tasa takardar, CAQ. Kuɗin nema dalar Kanada 150 ne, ɗaukar hoton yatsu 85. Daga 1 ga Satumbar 2025, mutum ɗaya a wajen Kebek sai ya nuna dalar Kanada 22,895 na zaman shekara, ban da kuɗin makarantar shekarar farko da na tafiya. Kuɗin da aka antayo cikin asusu dare ɗaya ba tare da bayanin tushensu ba suna cikin abubuwan da ke sa a ƙi buƙata.

Abin da ya fi komai nauyi shi ne abin da ka faɗa a baya. Idan ka rubuta cewa bikin ɗan'uwa na mako biyu ya kawo ka, bayan wata ɗaya kuma ga ka da gurbin karatun shekara biyu, jami'i zai so jin yadda niyyar ta sauya. Sauya niyya ba laifi ba ne in an bayyana shi da hujja, tare da nuna cewa za ka bar ƙasar idan izinin ya ƙare. Amma ƙarya ko takardar bogi, ko da dillali ne ya saka ta ba da saninka ba, tana iya jawo haramcin shiga Kanada na shekara 5. Kada ka bari a tura fom da sunanka sai ka karanta kowane layi da idonka.