Bukukuwan Waliyyai da Ciyar da Baƙo a Tsibirin Sisili

Sisili, wadda Larabawa suke kira Siƙilliya, ita ce tsibiri mafi girma a Bahar Rum, kuma yanki ce mai ƙwarya-ƙwaryar 'yancin kai a ƙasar Italiya, da babban birninta a Palermo. Mafi yawan mutanenta mabiya ɗarikar Katolika ne, kuma kusan kowane gari da ƙauye yana da waliyyin da ya ɗauka a matsayin majiɓincinsa, wanda ake yi wa biki aƙalla sau ɗaya a shekara. Abin da ya bambanta waɗannan bukukuwa da ibadar cikin coci shi ne bakance: mutum ya shiga wani hali na ciwo ko fari ko bashi, sai ya yi wa waliyyi alkawarin cewa in ya fita zai yi tattaki ba takalmi, ko ya ɗauki kyandir mai nauyi, ko ya ciyar da matalauta. Wani ɓangare na abincin da aka san bukukuwan da shi daga irin wannan alkawari ya samo asali, kuma shi ne yake jawo ƙananan ayarorin matafiya zuwa garuruwan cikin tsibirin a yau.

Tarihin tsibirin

Girkawa da Rumawa da daular Bizantiya sun mulki Sisili kafin zuwan Musulmi. A shekarar 827 rundunar daular Musulmi ta Aglabawa ta taso daga Tunisiya ta yau ta sauka a Mazara, ƙarƙashin jagorancin Asad ibn al-Furat, alƙali kuma malamin fiƙihun Malikiyya, wanda ya rasu a shekarar 828 yayin da ake yi wa birnin Siracusa ƙawanya. Palermo ta faɗi a 831, Siracusa a 878, Taormina kuma a 902. Normawa, mayaƙa Kirista 'yan asalin arewacin Faransa, sun fara karɓe tsibirin a 1061, suka ci Palermo a 1072, suka kammala a 1091. A ƙarnonin mulkin Musulmi ne noman rake da lemo da dabarun ban ruwa suka yaɗu a tsibirin, kuma masanin ƙasa al-Idrisi, wanda ya kammala littafinsa a fadar Sarkin Normawa Roger na Biyu a 1154, ya ambaci garin Trabia da ake yin taliya mai yawa ana kai ta wasu ƙasashe a jiragen ruwa. Sukari da lemo da alkama su ne ginshiƙin kayan zaƙin da ake yi wa waliyyai har yanzu, ko da yake masana sun saɓa a kan ko wane abinci ne ainihin gadon Larabawa, wane ne kuma aka jingina musu daga baya.

Agata a Catania

Bikin Agata shi ne mafi girma a tsibirin. Ruwayar coci ta ce budurwa ce 'yar Catania da aka azabtar aka kashe a shekarar 251, zamanin Sarkin Rum Decius, saboda ta ƙi barin addininta, ta kuma ƙi gwamna Quintianus da ya neme ta. An ce shekara guda bayan rasuwarta dutsen Etna ya yi aman wuta, mutanen gari suka ɗauko mayafinta suka tari narkakken dutsen, sai ya tsaya. Wannan ruwaya ta ɗaure sunanta da dutsen, a garin da narkakken dutse ya kai ga ganuwarsa a 1669, girgizar ƙasa kuma ta rushe shi a 1693.

A wajajen 1040 janar ɗin Bizantiya George Maniakes ya kwashe ƙasusuwanta zuwa Kustantiniya, babban birnin daular, aka dawo da su Catania ran 17 ga Agusta, 1126, ranar da ake wa ƙaramin biki har yanzu. Babban bikin kuwa daga 3 zuwa 5 ga Fabrairu ne, kuma yakan kai safiyar ran 6. Ana fito da mutum-mutumin azurfa da Giovanni di Bartolo, maƙerin Siena, ya ƙera a 1376, a ɗora shi a kan wata karusa ta azurfa, dubban mutane su ja ta da igiyoyi biyu masu tsawon fiye da mita 100. Masu ja suna sanye da farar riga da baƙar hula. Wata ruwaya ta ce rigar barci ce, domin da dare labarin dawowar ƙasusuwan ya iso, mutane suka fito da abin da ke jikinsu. Wasu marubuta suna ganin tufar tuba ce kawai. A gaban karusar akwai manyan hasumiyoyin katako masu ruwan zinariya da ake kira candelore, waɗanda ƙungiyoyin sana'a irin su mahauta da masu sayar da kifi da masu gasa burodi suke ɗaukar nauyinsu, kuma ƙarti ne suke ɗaukarsu a kafaɗa suna rangaji da su. Masu bakance suna ɗaukar kyandir, wani lokaci mai nauyin jikin mai shi, har hukuma takan zuba garin katako a tituna don kada narkakken kakin ya kayar da jama'a.

Kayan zaƙi biyu ne suka keɓanta da bikin. Na farko ɗan ƙaramin kek ne mai siffar nono, cike da cuku mai laushi da sukari, wanda yake tuni da azabar da ruwaya ta ce an yi mata. Na biyu ƙwallayen kore ne masu kama da 'ya'yan zaitun.

Rosalia a Palermo

Ba a san abu mai yawa game da rayuwar Rosalia ba. Ana kyautata zaton ta rayu a ƙarni na 12, tsakanin wajajen 1130 da 1170, kuma an ce 'yar gidan sarauta ce da ta bar duniya ta shiga halwa a wani kogo a dutsen Pellegrino da ke kallon birnin. Sunanta ya kusa shuɗewa har zuwa 1624, lokacin da annoba ta shiga Palermo, bisa ruwayar da ta fi yaɗuwa ta hanyar wani jirgin ruwa da ya zo daga Tunis. Annobar ta kashe mutane da yawa, har da wakilin Sarkin Sifen a tsibirin, Emanuele Filiberto. Ran 15 ga Yuli na wannan shekara aka tono ƙasusuwa a kogon, Kadinal Giannettino Doria ya sa aka bincika su, a 1625 aka zagaya gari da su, annobar kuma ta lafa. Da haka Rosalia ta sha gaban waliyyai mata huɗu da suka riga ta riƙe birnin, wato Agata da Cristina da Ninfa da Oliva, waɗanda siffofinsu suke nan a mararrabar Quattro Canti.

Daren 14 ga Yuli ake jan babbar karusarta a kan titin Cassaro har bakin teku, inda ake rufe biki da wasan wuta, kuma a 2024 aka yi cikon shekara 400. Abincin daren na titi ne: ƙananan dodon koɗi da aka dafa da tafarnuwa, gasasshen wake da 'ya'yan kabewa, da kankana. A daren 3 ga Satumba kuma mutane suna hawa dutsen da ƙafa, wasu ba takalmi. Cikin masu hawan akwai Tamilawa 'yan asalin Sri Lanka mazauna Palermo, Kirista da mabiya Hindu, abin da masu nazarin al'umma suka yi rubutu a kansa.

Palermo tana da wani majiɓincin kuma, Benedetto, wanda aka haifa a San Fratello a wajajen 1524 zuwa 1526, ɗan wasu bayi 'yan Afirka. Ya yi aikin girki a gidan 'yan zuhudu na Santa Maria di Gesù, aka naɗa shi shugabansu duk da bai iya karatu ba, ya rasu a 1589, coci kuma ta tabbatar da waliccinsa a 1807. Darajarsa ta fi bunƙasa a tsakanin baƙaƙen fata na Barazil fiye da a Sisili.

Teburan Yusufu

Yusufun da ake nufi a nan shi ne kafintan da Kirista suka ɗauka mijin Maryamu, ba Annabi Yusufu ɗan Yakubu ba. Ranarsa 19 ga Maris ce, kuma a nan ne bakance da karimci suka fi haɗuwa. Ruwaya ta ce an taɓa yin fari mai tsanani a wani zamani da ba a tantance ba, mutane suka roƙe shi, da ruwa ya sauka suka shirya wa matalauta liyafa. Babu wata takarda da ta tabbatar da shekarar, kuma wasu masana suna danganta al'adar da bukukuwan shigowar bazara da na alkama da suka girmi Kiristanci a tsibirin.

A Salemi, wani gari da ke kan tudu a lardin Trapani, iyalin da suka yi alkawari sukan keɓe ɗaki guda su kafa rumfa ta katako, su lulluɓe ta da ganyaye masu ƙamshi, su rataya lemun zaƙi da lemun tsami da ɗaruruwan ƙananan burodi. Matan unguwa ne suke taruwa kwanaki suna sassaƙa ƙullun da wuƙa da almakashi, su fitar da siffar tsani da guduma da sanda da rana da wata da tsuntsaye da furanni. A tsohuwar al'ada, mai bakance yakan bi gida-gida yana roƙon gari da ƙwai da kuɗi ko da yana da hali, domin ƙasƙantar da kai ɓangare ne na cika alkawarin.

Ran biki ana gayyatar mutum uku, a da 'ya'yan matalauta ko marayu, su tsaya a matsayin Yesu da Maryamu da Yusufu. A garuruwa da dama sukan ƙwanƙwasa ƙofa a hana su, su sake a hana su, sai a karo na uku a buɗe, don tuna yadda ruwaya ta ce an rasa masauki a Baitalami. Mai gida da kansa yake yi musu hidima. A Salemi al'ada ta ce a kawo kala 101, kuma babu nama a ciki saboda ranar tana faɗowa cikin azumin Kirista na kwana 40. Abincin na ganye ne da ƙwai da kifi da wake da kayan zaƙi. Ana rufewa da taliya da aka barbaɗa wa soyayyen garin burodi, wanda ake cewa yana wakiltar garin katakon kafinta. Abin da ya rage na duk wanda ya shigo ne, kuma ba a tambayar baƙo daga ina yake. Leonforte a lardin Enna da wasu garuruwan kwarin Belice, wanda girgizar ƙasa ta 1968 ta ɗaiɗaita, suna da irin nasu salon. 'Yan Sisili da suka yi ƙaura a ƙarshen ƙarni na 19 sun kai al'adar New Orleans a Amurka.

Lucia da Calogero

Lucia 'yar Siracusa ce da aka kashe a wajajen 304. Ran 13 ga Disamba mutane da yawa, musamman a Palermo, ba sa cin burodi ko taliya, sai dafaffiyar alkama da ba a niƙa ba da ƙwallayen shinkafa soyayyu, don tunawa da jirgin hatsi da aka ce ya iso lokacin yunwar 1646. A Agrigento kuma, a Lahadi ta farko da ta biyu na Yuli, ana jefa burodi ga mutum-mutumin Waliyyi Calogero, wanda ake sassaƙawa da baƙar fuska. Ana jefa burodin ne domin an ce yana tara wa marasa lafiya abinci, masu hali kuma suna jefo masa ta taga don tsoron kamuwa.

Nazari da saɓani

Likitan Palermo Giuseppe Pitrè, wanda ya rayu daga 1841 zuwa 1916, shi ya fara tattara waɗannan al'adu da tsari, a mujalladi 25, kuma yawancin abin da ake maimaitawa a yau daga gare shi aka samo. A 1965 marubuci Leonardo Sciascia ya yi jayayya cewa bukukuwan sun fi nuna zaman jama'a da gasar unguwanni fiye da imani, ra'ayin da malaman coci suka ƙi. An kuma sha zargin 'yan mafiya, wato gungun masu aikata manyan laifuka, da cusa kansu cikin kwamitocin biki da sa a tsayar da mutum-mutumi a ƙofar gidajen shugabanninsu. A Yunin 2014 Fafaroma Francis, yayin wata ziyara a yankin Calabria na kudancin Italiya, ya ce 'yan mafiya sun fita daga tarayyar coci, wasu bishop-bishop kuma suka tsaurara dokokin jerin gwano.

Ziyara a ƙananan ayarori

Turawan arewa sun daɗe suna zuwa kallo: marubuci ɗan Scotland Patrick Brydone ya ga bikin Rosalia a 1770, marubucin Jamus Goethe kuma ya hau dutsen Pellegrino a 1787. Manyan bukukuwan Catania da Palermo suna ɗaukar kowane yawan baƙi, amma teburan Yusufu a ɗakunan gidaje da ƙananan majami'u suke, kan lunguna da babbar mota ba ta shiga, don haka ayarin mutum kaɗan tare da ɗan jagora ɗan gari ya fi dacewa da su. Irin waɗannan matafiya sukan sauka a gidajen gona masu karɓar baƙi, waɗanda dokar ƙasa ta 1985 ta tsara aka kuma sabunta ta a 2006. Wasu suna bin hanyar ƙafa ta Magna Via Francigena, mai tsawon kimanin kilomita 180 daga Palermo zuwa Agrigento, wasu kuma suna zaɓar shaguna da masaukan da suka shiga ƙungiyar Addiopizzo, wadda aka kafa a 2004 don ƙin biyan mafiya kuɗin kariya. Ƙaruwar baƙi ta sa ƙungiyoyi da ƙananan hukumomi suna kafa teburan nuni waɗanda babu bakance a bayansu, kuma masu nazari suna bambanta su da na gidaje. Matafiyi Musulmi zai tarar cewa teburin Yusufu ba shi da nama, sai dai ana amfani da kitsen alade a wasu burodi da kayan zaƙi na tsibirin, ana kuma ajiye giya a kan teburin, don haka akan tambayi masu gida kafin a ci.