Sefa ba kuɗin CEDEAO ba ne

Tun ba yau ba mutane da dama a Damagaram ke ɗaukar CEDEAO, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma, ita ce mai kuɗin sefa. Shi ya sa da Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, wasu a Kasuwar Dole suka yi ta jiran a canza musu takardun jika. Ga su nan har yanzu a aljihu.

Ƙungiyoyi biyu ake haɗawa wuri guda. CEDEAO an kafa ta a Legas a 1975, hedikwatarta na Abuja, kuma ba ta da kuɗinta. Najeriya na ciki da nairarta, Ghana da sidinta. Sefa kuwa ta UEMOA ce, ƙungiyar ƙasashe 8 da aka kafa a 1994, babban bankinta BCEAO na Dakar. Nijar, Mali da Burkina duk ba su bar ta ba.

Ɗan canjin da ke zaune Matameye ko Magariya ya fi kowa ganin bambancin. Naira kan hau ta sauka a hannunsa kullum, sefa kuwa ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 kan yuro ɗaya, ba ta motsi.