Harsashin Bindigar Toka

Bindigar toka, wadda ake kuma kira harbi-ka-ruga, bindiga ce da ake ɗura wa albarushi da harsashi ta baki, kuma cikin bututunta sumul yake, ba shi da zanen da ke sa harsashi ya riƙa juyawa kamar na bindigar soja. Ta shigo Afirka ta Yamma ta hannun fataken Turai na bakin teku, ciki har da mutanen Danmak da suka riƙe sansaninsu a Akra har zuwa 1850, daga baya maƙeran gida suka koyi ƙera ta. A ƙasar Zazzau maharba da masu gadin gona ne suka fi riƙe ta, sai kuma 'yan bindigar Sarki da ake jin rugugin harbinsu a Hawan Sallah da Hawan Daushe, ko da yake su albarushi zalla suke harbawa.

Masana suna gwada harsashin bindiga mai sumul ɗin bututu ta fuskar gudunsa, da watsuwarsa, da ƙarfin da wutar albarushi ke danna bututun da shi. Ƙwayoyin dalma na harsashin masana'anta suna fita da gudun kusan mita 400 a daƙiƙa guda, amma da yake ƙanana ne, iska kan karya ƙarfinsu da wuri. Wajen auna watsuwa kuwa, ana harbin allo daga nisan yadi 40, sannan a ƙirga ƙwayoyin da suka faɗa cikin da'ira mai faɗin inci 30. Bindigar da aka matse bakinta sosai kan zuba kusan kashi 70 cikin ɗari a da'irar, wadda ba a matse ba kuwa kusan kashi 40.

A nan ne ɗurin hannu yake gazawa, domin maharbi da ido yake auna albarushinsa, kuma abin da yake zubawa a matsayin harsashi ba girmansa ɗaya ba, ba kuma mulmulalle ba ne, saboda haka kowane gutsure da inda iska take karkatar da shi. Da wuya harbi biyu daga bindiga ɗaya su zo daidai, wannan ne ma ya sa gogaggen maharbi yake lallaɓawa kusa da nama kafin ya ja kunama.

Haɗarin da ya fi girma yana jikin bututun. A Ingila, gidan gwajin bindigogi na Birmingham, wanda aka kafa a 1813, yana harba kowane bututu da ɗurin da ya zarce na yau da kullum kafin a buga masa hatimi a kai shi kasuwa. Bututun maƙeri ba ya samun wannan gwaji, kuma idan ya fashe, fuskar maharbi da hannun da ya tallafi bindigar ne a kusa.

Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta ware wa bindigogin da ake ɗurawa ta baki rukuni nasu, ta ba kwamishinan 'yan sanda na jiha ikon wajabta lasisi kafin a mallake su, ta kuma haramta ƙera bindiga ko harsashi ba tare da izinin hukuma ba.