Gama kai da adashi a Agege

Ƙungiyar gama kai haɗin guiwa ce ta manoma ko 'yan kasuwa da ke tara jari wuri guda, su sayi taki da iri a sari, su ba juna rance, ribar kuma a raba ta tsakaninsu. Masu nazarin tattalin arziki kan faro tarihinta a Najeriya daga rahoton da Bature C. F. Strickland ya rubuta a 1934, wanda ya haifar da dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1935. Sai dai Agege da ke Legas ta riga dokar. Tun 1907 masu gonakin koko na yankin, ciki har da J. K. Coker, suka kafa ƙungiyarsu don samo leburori da koya wa juna dabarun noma.

Goro ne ya jawo Hausawa garin. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, fatake suka riƙa sauka a Zangon Agege suna ɗaure huhu suna aikawa Arewa. Ba su zo da rajista ko kundin mambobi ba. Mai masauki shi ne bankinsu: ya sauki baƙo, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa idan za a ba da kaya bashi, dillali kuma ya karɓi la'adarsa. Irin wannan tsari masani Abner Cohen ya nazarta a unguwar Sabo ta Ibadan cikin shekarun 1960.

Adashi kuwa, wanda Yarbawa ke kira esusu, har yau yana tafiya a kasuwar Mil 12 da mayankar Oko-Oba. A ce mutum goma suna zubin dubu biyar-biyar duk Juma'a. Mai kwasa ya tashi da dubu hamsin, ya ƙara kwandon tumatir ko buhun albasa. Babu kuɗin ruwa, abin da ya kwantar wa mai gudun riba hankali, jingina kuma ita ce mutuncin mutum. Rauninsa a fili yake: in uban adashi ya ci amana, ko kaya suka ruɓe a mota, ba takardar da za a kai kotu.

Nan bincike yake da giɓi. Ƙungiya mai rajista a ƙarƙashin dokar tarayya ta 1993 tana da littafin shiga da fita, ana iya ƙidaya ta. Lissafin adashi kuwa yana cikin ɗan littafin aljihu, wani lokaci da ajami, kuma ba kowane mai riƙe da shi ke buɗe wa baƙo ba.